Neman shawara a kan canza turakun tsohon gidan katako mai bututun hayaƙi

Jikan Mai Tanda, Bur Sudan

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar iyayenmu magina da kafintoci, da duk wanda Allah Ya ba shi sani a sha'anin gini. Gidanmu na gado a Bur Sudan na katako ne, irin waɗanda aka san tsofaffin unguwannin garin nan da su, ɗaki uku a jere da wani ƙarami a baya, rufinsa na kwano. An ɗora shi ne a kan gajerun turaku na itace da aka kafa a ƙasa, tsakanin ƙasa da daɓen katakon bai wuce santimita 40 ba.

Yanzu turakun sun gaji. Na ɓangaren yamma gara ta cinye cikinsu, na gabas kuma danshi ya ruɓar da su daidai inda suka haɗu da ƙasa, har ɗakin tsakiya ya karkata, ƙyaurensa ba ya rufuwa sai an ɗan ɗaga shi da hannu. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023 'yan'uwanmu suka taho daga Khartum, mutane suka ƙaru, kaya suka ƙaru, sai abin ya ƙara fitowa fili. Bugu da ƙari, ruwan samanmu a nan da sanyi yake zuwa, wajen watan Nuwamba, kuma ko da yake ba shi da yawa, duk shekarar da ya yi ƙarfi yakan shiga ƙarƙashin gidan ya kwanta. Shi ya sa muka yi tunanin tunda dole ne a canza turakun, gara a ɗaga gidan gaba ɗaya kamar mita ɗaya.

Abin da ya tsayar da mu shi ne tanda. Kakanmu mai gasa burodi ne, ya gina tanda ta jan bulo a ɗakin baya, da bututun hayaƙi wanda ya ratsa rufin ya fita sama. Har yau mahaifiyarmu a cikinta take gasa gurasa, kuma ba ta son jin maganar rushe ta. Wani kafinta ya ce mana zai iya ɗaga komai tare da jak, wani magini kuma ya ce shi ba zai taɓa aikin ba sai an fara sauke bututun. Wanne ne mai gaskiya a cikinsu? Kuma da me ya kamata a maye gurbin turakun, itace ko kankare ko ƙarfe? Allah Ya saka da alheri.

Tsohon Magini, Jidda

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah Ya jiƙan kakanku, Ya ƙara wa mahaifiyarku lafiya. Abin da nake so ka riƙe tun farko shi ne, gini biyu gare ka a wuri ɗaya. Akwai gidan katako, wanda ba shi da nauyi sosai, ƙusoshi ne suka haɗa shi, yana iya ɗan lanƙwasawa ya dawo ba tare da ya karye ba. Akwai kuma tanda da bututunta, waɗanda suke zaune a kan nasu harsashin, babu ruwansu da turakun da kake magana. Jan bulo yana jure nauyin da aka danna masa daga sama, amma ba ya jure a ja shi ko a murɗa shi ko kaɗan. Ginin jan bulo mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da tsayi nauyinsa ya kusa tan 2, don haka tanda da bututunta suna iya fin duk katakon ɗakin da suke ciki nauyi. Jak ɗin da kafintanku zai sa a ƙarƙashin katakon daɓe ba zai taɓa harsashin tandar ba. Gidan ne kawai zai tashi, tanda ta tsaya inda take, duk wurin da katako ya kama bulo kuwa a nan za a yi ɓarna, ko katakon ya tsage, ko bututun ya karye ya faɗo ta cikin rufi. Ana iya ɗaga ginin bulo, amma aiki ne na kamfani mai manyan ƙarafa da ake zurawa ta ƙarƙashin harsashi, kuma kuɗinsa ya ninka na sake gina bututun sau da yawa.

Sannan ka raba maganganu biyu da ka haɗa. Daidaita gida daban, ɗaga gida daban. Idan mayar da shi kan matsayinsa na asali kawai za a yi, wato ɗaga wurin da ya nutse da 'yan santimitoci, ana iya barin bututun, muddin an warware duk inda ya manne da katako: a daɓe, a silin, da kuma wurin da kwanon rufi ya kewaye shi. Idan kuwa mita ɗaya kuke nufi, to bakin tandar da mahaifiyarku take tsayawa a gabansa zai koma wajen ƙafarta, kan bututun kuma zai kusa nutsewa cikin rufi, hayaƙi ya riƙa dawowa ɗaki.

Kafin ka yanke shawara ka yi abu biyu. Ka hau rufi ka saki igiya mai ɗan ƙarfe a ƙarshenta daga kan bututun zuwa ƙasa, ta fuskoki biyu, ka ga ko a miƙe yake. Sa'an nan ka ɗauki ƙusa ka karci abin da aka haɗa bulon da shi. Idan yana zuba kamar gari, to farar ƙasa ce ko laka, kuma wannan labari ne mai daɗi ta wani ɓangare, domin irin wannan bulon ana cire shi ɗaya bayan ɗaya ba tare da ya fashe ba, a kankare shi a sake gini da shi. Na yi aiki a tsofaffin gidajen Jidda, waɗanda aka gina da dutsen murjani ana jera katako a tsakanin sahun duwatsun, kuma abin da na gani shi ne duk inda itacen da ke cikin bango ya ruɓe, bangon ba ya daɗewa. Kai da kake kusa da tsohon garin Sawakin ka ga yadda gidajensa suka zube da aka bar su babu gyara. Ra'ayina, idan ɗagawa za a yi, maginin nan naku shi ne a kan daidai.

Kafinta daga Gadarif

Baba magini ya faɗi gaskiya a kan nauyin bulo, ba ni da ja. Inda na ɗan saɓa da shi, tare da girmamawa, shi ne saurin kai wa ga maganar saukewa. Mu a Gadarif baƙar ƙasa gare mu, wadda take kumbura da damina ta tsattsage da rani, don haka gyaran ginin da ya karkata aikinmu ne na kowace shekara. Sau da yawa maganin ruwan da ke kwanciya a ƙarƙashin gida yana wajen gidan ne: a cika ƙasan da tsakuwa har tsakiyarsa ta fi gefe tudu, a yi wa ruwan rufi hanya ya tafi nesa da turaku. Idan wannan ya wadatar, sai a daidaita gidan kawai a bar wa Hajiya tandarta yadda take.

Ga yadda ake aikin, ƙanena. A fara da awo. A sami siririn tiyo mai haske a cika shi da ruwa, a fitar da iskar da ke ciki, a ɗaure kai ɗaya a jikin tanda, a riƙa yawo da ɗayan zuwa kowane turke ana rubuta yawan nutsewarsa. Na ce a jikin tanda ne domin galibi ita ce ba ta motsa daga inda aka gina ta ba, sai dai idan igiyar Baba ta nuna ita ma ta karkata. Bayan haka a bi manyan katakan da suka ɗauki daɓe ana soka musu tsinken ƙarfe. Wanda tsinke ya shige shi cikin sauƙi, kada a sa masa jak, a fara haɗa shi da sabo tukuna, domin babu amfanin sabon turke a ƙarƙashin ruɓaɓɓen katako.

Jak irin na manyan motoci ya isa, amma da yawa ake bukata, a jera su. Kowanne a ɗora shi a kan falanki mai kauri don kada ya nutse cikin ƙasa, a sa ɗan farantin ƙarfe a kansa don kada ya huda katakon. Kada a ɗaga wuri ɗaya fiye da rabin santimita zuwa santimita ɗaya a lokaci guda. A ɗaga nan kaɗan, a cusa itace a tokare, a matsa gaba, har a zagayo. Sannu ba ta hana zuwa. Mutum ɗaya ya tsaya a cikin ɗaki yana kallon ƙofofi da tagogi da kewayen bututun, da ya ji ƙara ko ya ga abin da bai gane ba ya tsayar da kowa. Babban abin da nake roƙon ku shi ne kada wani ya sa jikinsa a ƙarƙashin gidan da jak kaɗai yake riƙe da shi. Jak yana zamewa, yana kuma sakin mai. Dole a jera gumagumai a gicciye, sahu a kan sahu, su ɗauki nauyin kafin a cire tsohon turke, kuma kada a cire turaku biyu maƙwabta a lokaci ɗaya. Gidan da ya yi shekaru a karkace katakonsa ya riga ya saba, idan ya rage santimita ɗaya ya ƙi miƙewa a ƙyale shi.

Game da abin da za a sa, ni itace na sani. Bagaruwa, wadda ake kira sunut a nan, tana da ƙarfin da har katakon shimfiɗa layin dogo aka daɗe ana yankowa daga dazuzzukanta na bakin kogin Nilu ta wajen Sinnar. A zaɓi jan cikinta busasshe, a shafe gindin da kwalta. A kan kowane turke a kifa ɗan kwano mai faɗin baki. Kwanon ba ya kashe gara, abin da yake yi shi ne tilasta mata ta gina hanyarta a fili inda ido zai gan ta, don haka sai an riƙa leƙawa.

Jikan Mai Tanda, Bur Sudan

Na gode ƙwarai, Baba, na gode Yaya kafinta. Mun yi awon da kuka ce. Kusurwar da ta fi nutsewa ta sauka da santimita 9. Tandar kanta a miƙe take, babu tsagewa a jikinta, amma bututun, wanda tsawonsa daga ƙasa ya ɗan haura mita 4, ya karkata yamma da kamar santimita 4 a samansa, kuma abin haɗin bulonsa zuba yake yi idan an karce shi. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne mun tarar kan ɗaya daga cikin katakan rufi an cusa shi cikin bulon bututun, kuma wurin ya yi baƙi ƙirin. Game da ruwa kuwa, unguwarmu a gangare take, na maƙwabta ma ta wajenmu yake bi, alamar da ya bari a jikin turaku ta kai santimita 30. Ina jin cika ƙasa kaɗai ba zai raba mu da shi ba.

Injiniyan gini, Riyad

Assalamu alaikum. Ni ɗan Mai Wurno ne, aiki ya kawo ni Saudiyya. Malam, wannan katakon da ka ce yana cikin bututun ya sauya maganar. Ko da ba za a taɓa turke ɗaya ba, bai kamata a sake hura wuta a tandar nan ba sai an raba su, domin itacen da ya daɗe yana shan zafi yana iya kamawa da wuta a zafin da bai kai wanda sabon itace yake bukata ba. Ƙa'idar da ake bi a Amurka ita ce a bar aƙalla santimita 5 tsakanin bulon bututu da kowane katako. Za a tokare wannan katakon, a yanke kansa, a ɗora shi a kan wani da aka gicciya tsakanin maƙwabtansa biyu. Ina kuma zargin cewa shi ne ya janyo bututun yamma yayin da gidan yake nutsewa ta can, tunda ka ce tandar a miƙe take.

Wannan ne ya sa nake ganin akwai hanya tsakanin ra'ayin Baba da na Malam kafinta. A sauke bututun kaɗai zuwa kan tanda, a bar tandar a kan harsashinta. A yanke ɗakin baya daga jikin gidan, a mayar da shi madafa mai daɓen siminti da ɗan tudu a bakin ƙofa, sauran ɗakuna uku su tashi su kaɗai, a haɗa su da matakala. Kuma ba na ganin bukatar mita ɗaya. Ruwa ya kai santimita 30, daɓenku yana kan 40, idan aka ƙara 30 zuwa 40 an sami tazara mai kyau, da wurin da mutum zai shiga ya duba gara. Duk santimitar da aka ƙara bayan wannan, ƙarin iska ce za ta riƙa bugun gidan. Ba na cewa wannan zai tare irin ambaliyar da aka gani lokacin da madatsar ruwa ta Arba'at da ke kusa da garinku ta fashe a watan Agustan 2024, wancan ba abin da turke yake magani ba ne.

Ɗaya daga cikin wuraren da aka ƙware a wannan aiki shi ne jihar Kwinsland ta Ostareliya, mai gidajen katako a kan turaku, kuma birninta Birisben ya sha ambaliya a 1974 da 2011 da 2022. A can ƙarafa dogaye ake zurawa ta ƙarƙashin gidan, a ɗaga su tare, ana jera gumagumai yayin da yake tashi. Ku ma idan ɗagawar ta wuce ta daidaitawa, ku yi hayar ƙarafa biyu ko uku masu tsawon da ya wuce faɗin gidan, kada a dogara da tsohon katakon daɓe shi kaɗai.

A kan turaku, ina ganin kankare ya fi dacewa da wurin da ruwa yake kwanciya, amma Bur Sudan tana da nata sharaɗin, wato gishiri a ƙasa da iska. Gishiri yana ratsa kankare ya kai ga rodi, rodin ya yi tsatsa ya kumbura ya fasa ginshiƙin daga ciki. Kada a yi kwaɓi da yashin bakin teku ko ruwan rijiya mai zartsi, ruwan da za a iya sha shi ne na kwaɓi, duk da na san tsadarsa a garinku. A bar aƙalla santimita 5 na kankare tsakanin rodi da waje, a inda ya taɓa ƙasa kuma 7 da rabi, a shafe ɓangaren da za a binne da kwalta. Akwai siminti na musamman mai jure ƙasa mai sinadarin salfet, yana da amfani, amma ba ya kare rodi daga gishirin teku, kaurin kankare da ƙarancin ruwa a kwaɓi su ne suke yin wannan. A lulluɓe kowane ginshiƙi da jiƙaƙƙen buhu da leda. Kankare yana samun kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa a kwana 7, cikakken ƙarfin da ake lissafi da shi kuma a kwana 28, don haka kada a sauke gidan a kansa kafin mako guda. A sa leda mai kauri tsakanin kankare da katako, a ɗaure katakon da noti mai rufin hana tsatsa wanda aka dasa cikin ginshiƙin, domin gidan katako mai rufin kwano iska tana iya ture shi daga kan ginshiƙansa idan ɗora shi kawai aka yi. Zurfin rami da faɗin gindinsa kuwa sai wanda ya ga ƙasarku da idonsa, ku nemi injiniya a garin ya zo ya duba, ku kuma nemi izinin hukumar da ke kula da gine-gine.

Hajiya daga Makka

Ɗana, masana sun gama magana a kan gini, ni abu biyu zan ƙara. Na farko, ka lissafa matakala. Santimita 35 tsakanin ɗaki da madafa hawa biyu ne ko uku, amma daga tsakar gida zuwa ɗaki zai kai hawa biyar, kuma tsohuwa ce za ta riƙa bin su sau da yawa a yini, wani lokaci da tire a hannu. A yi su masu faɗi, a sa mariƙi, wannan ma dalili ne na kada a wuce tsayin da Injiniya ya faɗa. Na biyu, gida na gado ne, ka zaunar da duk masu haƙƙi a ciki kafin a cire bulo ɗaya, ka kuma nuna wa mahaifiyarka baƙin katakon nan da idonta, za ta fahimta fiye da yadda baki zai faɗa mata. Ranar aiki kuwa a kwashe yara da kaya masu nauyi da tukunyar gas, a raba wayar lantarki da famfo daga jikin gidan, kada kowa ya kwana a ciki sai an sauke shi a kan ginshiƙansa.

Tsohon Magini, Jidda

Na yarda da tsarin Injiniya, ya fi nawa, tunda tandar lafiyarta ƙalau. Abin da ya rage shi ne yadda za a sauke bututun. A fara daga sama, sahu bayan sahu, da hannu da ƙaramar guduma, ana miƙo bulon ƙasa a bokiti. Kada a ɗaura masa igiya a ja, kada kuma a fara yanke katakon da ke cikinsa kafin a sauke abin da ke samansa, domin mai yiwuwa shi ne yake riƙe da shi yanzu. A toshe maƙogwaron tandar da buhu don kada ɓaraguzai su faɗa ciki su fasa ta. Bulon da toka da hayaƙi suka cinye a ware shi, sauran a kankare a ajiye a inuwa.

Kada a sake gina bututun sai gidan ya zauna a sabon matsayinsa, domin a lokacin ne za a san tsayin da yake bukata. Tunda rufin ɗakunan zai fi na madafa tsayi, dole kan bututun ya haura duk wani abu da ke cikin mita 3 daga gare shi da kamar santimita 60, in ba haka ba iska za ta riƙa mayar da hayaƙi ciki. Wannan yana nufin tsohon bulon ba zai isa ba, sai an ƙara sabo, kuma bututu mai irin wannan tsawo a ƙara masa kauri daga ƙasa. A haɗa shi da kwaɓi mai farar ƙasa, domin siminti zalla ya fi tsohon bulo tauri, zafi yana sa shi ya fasa bulon. Idan an gama a ba shi makonni ya bushe, a fara da ƙaramar wuta mai hayaƙi, mutum ya bi jikinsa yana duba ko hayaƙin yana fita ta wata kafa.

Lokacin aikin kuma, ɗana, ku bari ruwan saman lokacin sanyi ya wuce ƙasa ta bushe, wajen Fabrairu ko Maris, ku gama kafin zafin Yuni ya shigo, domin a wannan zafin kankare bushewa yake yi tun bai yi ƙarfi ba. Kafin nan ku jera gumagumai a ƙarƙashin kusurwar da ta nutse da santimita 9, kuma Hajiya ta yi haƙuri da tandar har sai an raba ta da wancan katakon.